Punk ne ya raba gidan heavy metal

Mai loda waƙoƙi a waya a kasuwar Abu Hujar ko Singa ba ya jibge kayansa wuri guda. Haƙiba daban, madihu daban, zanig daban, waƙoƙin Kano daban, don mai saye ya ambaci suna ɗaya a zuba masa. Irin wannan buƙata ta ciniki ce ta raɗa wa rassan kiɗan heavy metal sunaye. Amma kasuwa suna kawai take sawa. Abin da ya jawo rabuwar, punk ne.

A Birmingham ta Ingila aka kafa tushen, lokacin da Black Sabbath suka fitar da faifansu na farko a 1970. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu, ya koma amfani da tsirkiya mai laushi, daga baya ya sassauta ɗaurinta, sauti ya yi ƙasa ya yi nauyi. Kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, kuma manyan kamfanoni ne ke buga shi.

Sai ga 'yan punk: Ramones a New York a 1976, ga Sex Pistols a Landan. Waƙa minti biyu, ba kwalliya, ba sai ka ƙware ba. Abu biyu metal ya ɗauka daga gare su, kuma ba su yi nauyi ɗaya ba. Na farko sauri: Motörhead suka haɗa nauyin metal da gudun punk, Metallica suka ɗora a 1983 aka sami thrash, Napalm Death suka kai shi maƙura a 1987 da waƙar da ba ta cika daƙiƙa biyu ba. Na biyun, wanda a ganina ya fi tasiri, shi ne ɗabi'ar yi da kanka. Saurayi ya naɗi kaset a ɗakinsa, ya rubuta suna da biro, ya sa a ambulan ya aika wa wani a Brazil ko Norway, a mayar masa da wani. Da babu mai tsaron ƙofa, kowane gari ya raini nasa salon: death metal a Florida, black metal a Norway.

Sunayen kuwa daga baya suke zuwa. Mujallar Sounds ce ta yi wa salon su Iron Maiden laƙabi a 1979, black metal kuma sunan faifan Venom ne na 1982 kafin ya zama sunan reshe. Mu ma mun san haka: waƙoƙin haƙiba sun girmi shirin Rediyon Omdurman da ya ba su suna.

Rarrabuwar ta yi rana. Ƙungiyar da ba ta da kamfani tana samun masu sauraronta da kalma ɗaya, shi ya sa Overthrust daga Ghanzi ta Botswana ta kai kunnen Turai. Sai dai suna ya kan zama katanga. Kundin intanet na Encyclopaedia Metallum, wanda aka buɗe a 2002, ba ya karɓar ƙungiyar da masu shi suka ga punk ya rinjaya a kiɗanta, wato jika yana korar kakansa daga zaure. A Norway abin ya wuce gardama, domin wasu 'yan black metal sun ƙona coci-coci tun daga 1992, har da kisan kai a tsakaninsu.

Duk wanda ya zana bishiyar metal ya cire punk daga saiwarta, tarihin ya gurgunta. Ya kamata masu raina zanig a yau, don ya fito daga unguwannin gefen Khartum, su duba wannan labari kafin su yanke masa hukunci.