Batirin Babur: Kafin Ka Ce Ya Mutu

Shirinmu na musamman na yau ya yada zango ne a PZ, nan Sabon Garin Zariya, inda 'yan acaɓa ke jiran fasinjan Samaru tun duku-duku.

Duk wanda ya saba bi ta wurin da safiyar hunturu ya san wannan ƙarar. Mutum ya murɗa makulli, ya danna sitata, babur ya ce ƙas-ƙas, ya yi gum. Ya danna hon, sauti ya fito a shaƙe. Ga ɗalibi a tsaye da jaka, yana da lacca ƙarfe takwas a Jami'ar Ahmadu Bello. Sai ka ji mai babur ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, batir ya mutu."

To, sau da yawa bai mutu ba, sauka ya yi. Batir randa ce, inji ne mai ɗebo mata ruwa: kwail ya samar da wuta, rektifaya ta daidaita ta, ta zuba. Duk dannawar sitata kamfata ce babba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da wuya ka ga ɗan acaɓa ya bar injinsa na ruri yana jiran fasinja. Ya kashe, ya tayar, ya kai mutum kasuwar Sabon Gari, ya sake kashewa. Ga cajar waya a maƙale, ga fitilun ado da sifika. Ɗiba ta fi zubi yawa. Wanda ya miƙe hanya ta Kwangila da Palladan har Samaru, shi ne batirinsa ke samun ƙoshi.

Idan babur ya ƙi tashi, fara leƙa kan batir. In ka ga farin gari ya taru, ko waya tana rawa, wataƙila nan gizo ke saƙar. Kwance baƙar waya tukuna, sannan ja, ka goge da sanfefa, ka mayar da ja kafin baƙa, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan girisi. Duba fis. Sannan ka buga kik, domin yawancin ƙananan baburanmu daga kwail fulogi ke samun wuta. In ya ƙi, a tura a giya ta biyu. Idan kuma da batirin mota za a yi maka jam, a kashe injin motar, kada wutarta ta fi ƙarfin wayoyinka.

Ga inda nake so mu nutsu. Kafin ka zaro kuɗi ka sayi sabo, je wurin mai wayarin ka ce, "Maigida, ɗora mini mita." Cikakken batir zai nuna kusan volt 12.6. In ya yi ƙasa da 12, ya sauka sosai. Daga nan a tayar da inji, a ɗan ja totur. Ya kamata mita ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya cak, babur ba ya caji, laifin kwail ne ko rektifaya. In ta haura 15, rektifaya ce ke dafa batirin. Ko ta wace fuska, sabon da za ka saya makomarsa ɗaya da tsohon, kuma abin takaici ne talaka ya yi asarar kuɗin kwana da kwanaki a kan awon da ba ya cin minti biyu.

Caji kuwa haƙuri yake so. Batirin ƙaramin babur bai cika wuce amfiya 5 zuwa 7 ba, ƙa'ida kuma a ba shi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato kusan rabin amfiya, na tsawon awa goma. A bar shi ya kwana. Mai cewa "a buga mini shi yanzu-yanzu" a kan cajar mota zai tafi da wuri, amma farantan dalmar da ke ciki sun gasu. In ka taɓa ka ji zafi rau, ko gefensa ya kumbura, a cire. Lokacin caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, don haka ban da ashana ko sigari a kusa.

Batir mai murafu yana shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. A ƙara tataccen ruwan batir zuwa layin sama. Ban da ruwan leda, ban da na rijiya, kada kuma a ƙara asid. Rufaffe kuwa ba a ɓalle shi.

Ajiya ma tana kashe batir. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma batirin da aka bari a ɗaure tsawon haka da wuya ya farfaɗo. Ɗalibi mai tafiya dogon hutu ya cire baƙar waya, a riƙa yi masa caji wata-wata.

In ya mutu da gaske, don Allah kada a yar da shi a tsakar gida yara su fasa. Dalma ce a ciki. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. A mayar wa mai shago, ko a sayar wa masu sayen tsohon batir yana rufe, asid ɗinsa bai zube ba.