Yadda Hollywood ke mayar da tsofaffin shirye-shiryen ƴan sanda finafinan barkwanci

A shekarar 2012, fim ɗin 21 Jump Street, wanda aka kashe wa kusan dalar Amurka miliyan 42, ya tara sama da dala miliyan 200 a gidajen sinima na duniya. Da yawa daga cikin matasan da suka sha dariyar Jonah Hill da Channing Tatum ba a ma haife su ba lokacin da tashar Fox ta fara nuna shirin talabijin mai wannan suna a 1987.

Shirin na asali, wanda ya fito da Johnny Depp, ba na wasa ba ne. Labari ne na ƴan sanda masu fuskar yara da ake turawa makarantun sakandare a matsayin ɗalibai, kuma yakan taɓo shaye-shaye da cin zarafin yara da cutar sida. Bayan shekara 25 aka ɗauko sunan, aka zuba masa barkwanci da harbe-harbe da tseren motoci.

Wannan dabara ta zama sana'a a Hollywood. Wani lokaci ta kawo riba mai yawa, wani lokaci kuma a tashi da asara.

Sunan da aka riga aka sani

Dalili na farko kuɗi ne. Tallar babban fim a Amurka na cin miliyoyin daloli, don haka kamfanoni sun fi son sunan da jama'a suka taɓa ji. Iyaye za su zo don tuna baya, ƴaƴansu kuma don sababbin jarumai. Sau da yawa ma ana gayyato tsofaffin taurarin su leƙo na ɗan lokaci, don masoyan shirin su ji ba a manta da su ba.

Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne Dragnet na 1987. Jack Webb ya fara shirin a rediyo a 1949, ya kai shi talabijin a 1951, da haɗin kan rundunar ƴan sandan Los Angeles, wadda ake ɗauko labaran daga takardun bincikenta. Sajan Joe Friday mutum ne da ba ya murmushi, ba ya kauce wa doka. Da Webb ya rasu a 1982, rundunar ta daina amfani da lamba 714 da yake ɗauka a shirin, don girmama shi. Shekara biyar bayan haka Dan Aykroyd ya fito a matsayin ɗan ɗan'uwan Friday, mai irin wannan taurin kai, aka haɗa shi da Tom Hanks mai sakaci. Tsare gidan da a da ake yaba wa Friday a kai shi ya koma abin dariya.

Jar mota mai farin layi

Starsky & Hutch ya gudana a tashar ABC daga 1975 zuwa 1979. Paul Michael Glaser da David Soul ne ke yawo a jar mota ƙirar Ford Gran Torino mai farin layi, a wani gari na ƙirƙira mai suna Bay City, suna samun labarin masu laifi daga bakin Huggy Bear. Akwai raha tsakaninsu, amma dukan da harbin da ke cikin shirin sun jawo suka har sai da aka rage su.

Waɗanda suka kalli shirin da Faransanci sun ga wani abu dabam. Da aka fara nuna shi a Faransa a 1978, Jacques Balutin da Francis Lax, da suka ɗora wa jaruman murya, sun riƙa ƙara zolaya da ba ta cikin Ingilishin. Ke nan masu fassara sun riga Hollywood gano cewa akwai dariya a cikin mutanen nan biyu.

A 2004 Todd Phillips ya shirya fim ɗin da Ben Stiller da Owen Wilson, mawaƙi Snoop Dogg kuma ya zama Huggy Bear. An bar labarin a 1975, aka yi ta tsokanar gashi da wanduna da rawar zamanin. Glaser da Soul sun fito a ƙarshe suna miƙa wa magadansu mota. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 170.

Inda dabarar ta ci, da inda ta faɗi

Ginshiƙin irin waɗannan finafinai mutum biyu ne da halinsu ya saɓa, aiki ya tilasta musu zama a mota ɗaya. Suna zagin juna, suna raina juna, amma ran da harsashi ya zo kowa zai kare ɗan'uwansa. Wanda ya tashi yana jin yadda Bafulatani da Babarbare ke caccakar juna ba tare da an yi fushi ba zai gane wannan da sauri. Wasan taubasai na Nijar, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014, yana da ƙa'idar da finafinan ke bi: zolayar na da daɗi ne saboda an san akwai amana a ƙarƙashinta.

21 Jump Street ya riƙe wannan ƙa'ida. Schmidt ɗan boko ne da aka raina a makaranta, Jenko kuma ƙato ne da ba ya ja a aji. Da aka mayar da su sakandare don gano masu sayar da wata sabuwar ƙwaya, sai suka tarar zamani ya juya: yaran yanzu sun fi ganin girman mai karatu da mai kula da muhalli. Schmidt ya samu shiga, Jenko ya zama saniyar ware, abotarsu ta fara tsagewa. Fim ɗin har kansa yake yi wa ba'a, domin akwai wurin da wani babban jami'i ke ƙorafin cewa shugabanni sun rasa sabon tunani, sai farfaɗo da tsofaffin tsare-tsare. Ci gabansa, 22 Jump Street na 2014, ya haura dala miliyan 300.

CHiPs na 2017 bai yi wannan sa'a ba. Shirin asali, da NBC ta nuna daga 1977 zuwa 1983, labarin ƴan sandan babura ne biyu a manyan hanyoyin Kalifoniya, kuma iyali kan zauna su kalla tare. Dax Shepard ya mayar da shi fim mai cike da batsa, shi da Michael Peña. An kashe kusan dala miliyan 25, abin da aka samu da ƙyar ya wuce haka. Tsofaffin masoya sun ji an wulaƙanta abinsu, matasa kuma sunan bai ce musu komai ba. I Spy na 2002, labarin ƴan leƙen asiri biyu da Eddie Murphy da Owen Wilson suka fito a ciki, shi ma bai mayar da kuɗinsa ba.

Michael Mann ya gwada wata hanyar a 2006, ya yi Miami Vice babu ko ɗigon wasa, da Colin Farrell da Jamie Foxx. Ya ci kusan dala miliyan 135, ya tara kimanin miliyan 164, abin da ba a ɗauka riba ba idan aka cire kason gidajen sinima da kuɗin talla.

Abin da dariyar ke rufewa

Akwai tambayar da masu sharhi a Amurka suka daɗe suna yi. A waɗannan finafinai, ɗan sanda kan fasa ƙofa ba takardar kotu, ya mari wanda ake zargi, ya ragargaza motocin jama'a, kuma duk a wuce da dariya. Hukuncinsa bai wuce shugabansa ya daka masa tsawa ya karɓe bindigarsa na kwana biyu ba. A 21 Jump Street, mantawa da karanta wa wanda aka kama haƙƙoƙinsa ma abin nishaɗi ne.

Bayan da wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020, wannan tambaya ta ƙara ƙarfi. Cikin makonni kaɗan tashar Paramount ta janye shirin Cops, A&E ta soke Live PD, masu shirin barkwanci na Brooklyn Nine-Nine kuma suka yi watsi da wasu labaran da suka riga suka rubuta.

Hakan bai hana mai kallo a Maraɗi ko Damagaram ko New York jin daɗin Schmidt da Jenko ba, domin abotarsu ce ake so. Sai dai yana da kyau a san cewa hoton ɗan sandan da ke kan allo ƙera shi ake yi. A zamanin Dragnet an ƙera shi da hannun rundunar kanta don a girmama shi, a zamanin Ben Stiller da Jonah Hill kuma an sake masa fasali don a saya tikiti.