Yawan Wat Ba Shi Ne Ƙarfin Sauti Ba

Masu sayen amfilifaya mai tsada sukan ruɗu da lambar wat da ke jikin kwali. Wadda za a duba ita ce RMS, ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba yankewa. Lambar PMPO kuwa talla ce kawai. Ko an ninka wat daga 100 zuwa 200, desibel 3 kacal sautin zai ƙaru.

Om ɗin lasifika, wato ma'aunin turjiyarta ga wutar lantarki, ya fi yawan wat muhimmanci. Mai om 4 tana jan wuta ninki biyu na mai om 8, kuma amfilifayar da ba a ƙera don haka ba sai ta ɗau zafi ta ɗauke. Ƙaramar amfilifaya ma, in aka ƙure ta, sautinta kan dishe har ya ƙona lasifikar siririn sauti. Kafin ka biya, duba om ɗin da ke bayan lasifikarka.