Boris Da Sil: A Duba Kafin A Aika Gida

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Kwoi da Kachiya da Kagarko ya san ba kowace mota ke shiga gona ba. Shi ya sa masu walda a Kafanchan da kewaye suke haɗa amalanke da ƙananan tireloli da ƙafafun tsofaffin motoci, kamar Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da damina a kai taki, da kaka a kwaso citta.

To, 'yan'uwa mazauna Kurmi, sau da yawa ku ne akan aiko wa saƙo cewa ku sayo boris a kasuwar Ladipo ta Ikko ko a Anaca. Kada ku saya da ka. Kowane boris yana da lamba a gefensa, kuma a yawancinsu lambobi biyu na ƙarshe, daga 04 zuwa sama, in an ninka su sau biyar su ne faɗin raminsa. Watau 6205 da 30205 duka milimita 25 ne, amma aikinsu ya bambanta. Na farko mai ƙwallaye ne, ya fi son hanya mai kyau. Na biyu 'ya'yansa a karkace suke, shi ne ke jure nauyin buhuna sa'ad da ƙafa ta faɗa rami ko ta hau gefen kunya. Biyu-biyu ake sa shi, suna fuskantar juna, kuma a sayo shi tare da zobensa, kada a haɗa sabo da tsoho.

Sil kuwa, wannan 'yar robar da ake rainawa, ita ce mai gadin ƙofa. In ta tsage, ruwan rafi da jar ƙasa su shiga su gauraya da giris, kafin mako biyu sai a ji ƙafa tana kuka, tana zafi. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, saboda haka a sayo guda huɗu, kuma a aiko muku da tsohuwar ku gwada. Leɓenta giris yake kallo wajen sawa.

A gaya wa bakanike kada ya ɗaure noti tamau. Ya ɗaure yana juya ƙafar, sa'an nan ya ɗan sassauta, ya soka fil.