Yadda Kirista Zai Kafa Addu'arsa ta Kullum

Kiristan da ke zaune a Zariya ko Jos ko Maraɗi yana jin kiran salla sau biyar a rana, yana kuma ganin maƙwabcinsa ya bar abin da yake yi ya tashi. Shi kuwa babu ladanin da zai kira shi. Ƙararrawar majami'a ta Lahadi ce, sai ko addu'ar tsakiyar mako. Sauran kwanakin an bar shi da zuciyarsa, ita kuma zuciya yau ta so, gobe ta ƙi. Saboda haka aikin farko shi ne mutum ya yanka wa kansa lokaci, ya daina jiran ranar da zai ji marmari.

Wannan ba sabon abu ba ne. Sura ta 6 ta littafin Daniyel ta nuna yana durƙusawa sau uku a rana, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, kuma dokar Sarki Dariyus, wadda ta hana yin addu'a ga kowa sai sarki, ba ta sauya masa komai ba domin ya riga ya saba. Markus ya ce Yesu da kansa ya tashi da sauran duhu, ya fita inda babu kowa ya yi addu'a. A ganina asuba ta fi, kafin yara su farka, kafin waya ta fara ƙara. Amma mai gadi ko ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki kada su takura kansu. Su zaɓi sa'ar da ta tabbata tasu ce. Dabarar ita ce a jingina addu'ar da wani abin da ba ya fashi, kamar bayan wanke fuska ko kafin karin kumallo.

Sai wuri. A gidan haya mai ɗaki ɗaya ba kowa ke da ƙofar da zai kulle ya yi addu'a kamar yadda aka koyar a Matiyu sura ta 6 ba. Kusurwar tabarma ta isa, ko gindin bishiya a bayan gida, muddin nan ɗin ne kullum. Ajiye Littafi Mai Tsarki a wurin tun da dare, wayar kuma ta kwana nesa.

Kada ka fara da awa guda. Masu ɗaukar wannan alkawari a daren shiga sabuwar shekara da wuya su kai ƙarshen Janairu. Minti goma ya wadatar.

To, me za a faɗa? Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, alhali almajiran ma sai da suka roƙi Yesu ya koya musu. Bari Littafi ya fara magana. Zabura guda 150 ce. In kana karanta ɗaya a rana, wata biyar ka kammala. Ta 119 mai ayoyi 176 ce kaɗai za ka rarraba, ta riga ta kasu takwas-takwas. Karanta a hankali, da murya in da hali, ka tsaya kan ayar da ta taɓa ka, ka mayar wa Allah da ita da bakinka. Daga nan ka bi Addu'ar Ubangiji jimla-jimla, ba a guje ba kamar yadda muke yi in an kusa tashi daga sujada. In ka kai roƙon abincin yini, ambaci kuɗin makarantar da ke damunka. In ka kai gafara, kira sunan wanda ya ɓata maka rai, ka kuma furta naka laifin dalla-dalla. Ƙaramin littafin rubutu zai taimaka wajen yi wa wasu roƙo: Litinin iyali, Talata marasa lafiya, Laraba fasto da ikkilisiya, haka har mako ya zagayo.

Akwai ranakun da za ka durƙusa ka ji kamar da bango kake magana. Kada ka tashi. Zabura ta 13 da ta 88 kukan irin wannan rana ne, kuma an bar su cikin Littafi domin a yi addu'a da su. Ranar da barci ya sace ka kuwa, ba a bin ka bashi. Kada ka ce sai ka ninka gobe. Koma wurinka a lokacin da ka saba, ka ɗora daga Zaburar da ka tsaya. In ka ga fashin ya yi yawa, nemi wani ɗan'uwa a zumunta, ko matarka, ku riƙa tambayar juna ranar Lahadi inda kowa ya kai.