Farin ciko, farin ciki na shekara nawa?

Baƙin cikon haƙori da aka saba gani, mai haɗe da azurfa da zaiba, ba manne shi ake yi ba; likita ne ke fafe kogon yadda cikon zai maƙale. Farin ciko kuwa gam ne ke riƙe da shi, ɗan danƙo da bai kai kaurin gashi ba. Tun da Tarayyar Turai ta hana baƙin ciko daga Janairun 2025 saboda zaiba, in ba da larura ba, kuma sauran ƙasashe suka doshi nan, ƙarkon wannan gam ya shafi duk mai kogon haƙori.

A ɓawon waje na haƙori babu gardama. Kashi 96 cikin ɗari na ɓawon ma'adini ne, kuma tun 1955 Michael Buonocore na Amurka ya nuna cewa in aka shafa masa asid sai ya yi ƙananan ramuka, gam ya kwarara ciki ya daskare, ya riƙe ƙam. Matsalar tana ƙarƙashi, a dentin, inda yawancin kogo yake kaiwa. Kusan kashi 20 na dentin zaren kolajin ne, kashi 10 ruwa, ga ɗimbin ƙananan bututu da ke tsatso danshi daga cikin haƙorin. Dole gam ya kutsa tsakanin jiƙaƙƙun zaren nan ya saje da su, kamar yadda Nobuo Nakabayashi na Japan ya bayyana a 1982, kuma da wuya ya kai har ƙasa. Ruwa na cin gam ɗin sannu a hankali. Zaren da aka bari tsirara kuma, a 2004 David Pashley da abokan aikinsa suka gano cewa wasu sinadarai na haƙorin kansa, waɗanda asid ɗin likita ya tayar daga barci, su ne ke gutsurarsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Wani zai ce to ashe ginin toka ne. Bakin marasa lafiya ya ƙaryata hakan. A Jami'ar Leuven ta Beljiyam an bi diddigin ciko a wuyan haƙori har shekara 13, aka tarar fiye da kashi 90 cikin ɗari na nan daram. Sai dai a duba irin gam ɗin: mai mataki biyu ko uku ne, wanda ake rufewa da shafi na ƙarshe mai korar ruwa. Na kwalba ɗaya da kamfanoni suka fito da shi don rage lokaci ya fi shan ruwa, na farko-farkonsa ma sun fi saurin saki, ko da yake na baya-bayan nan masu sinadarin 10-MDP sun gyaru ƙwarai. Sauri kan haifi nawa.

Masu kare baƙin ciko suna da gaskiya a wuri guda: shi yana yafe ɗan danshi, fari ba ya yafewa. Ɗigon yawu ko jinin dasashi a daidai lokacin shafawa ya isa ya ɓata aikin. Shi ya sa nake ganin hannun likita ya fi sunan kwalba muhimmanci: ya killace haƙorin da roba ko auduga, ya goga gam ɗin na daƙiƙoƙin da aka ƙayyade, ya hura iska, ya haska shuɗin haske har ya nuna. Sauran aikin na mai baki ne, domin sabon ruɓi a gefen ciko da karyewa su suka fi kashe cikon, kuma zaƙi ne ke ciyar da ruɓin. In ka ga baƙin layi ya zagaye cikonka, ko ruwan sanyi ya fara tsira maka, koma wurin likita tun ana iya yin faci ba a tone duka ba.