Neman Aiki Bayan Gama Karatu: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Tanada Kafin Ranar Ganawa

A shekarar 1973, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, watau NYSC, jami'o'in Nijeriya guda shida ne kacal, kuma samari da 'yan matan da suka fita a rukunin farko ba su kai dubu uku ba. A wancan zamani aiki ne yake neman mai digiri. Jihohi 12 da aka ƙirƙiro a 1967 suna bukatar ma'aikata ido rufe, har ta kai hukumomin ɗaukar ma'aikata da manyan kamfanoni sukan je cikin jami'a su gana da ɗaliban shekarar ƙarshe, mutum ya sami takardar kama aiki tun bai rubuta jarrabawarsa ta fita ba.

Al'amarin ya fara sauyawa a farkon shekarun 1980, sa'ad da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, rashin aikin yi ya kai matsayin da aka kafa masa hukuma ta musamman, watau NDE. A yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, ban da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai, kuma masu gama hidimar ƙasa a kowace shekara dubbai ne bila adadin. Saboda haka takardar digiri ta zama abin da kowane mai nema yake riƙe da irinta. Abin da yake bambanta mutum da ɗan'uwansa a gaban kwamitin ganawa shi ne shirin da ya yi, wanda ya kamata a fara shi tun ana makaranta.

GYARAN TAKARDU

Abu na farko da yake kayar da masu neman aiki, musamman a jihohin Arewa, shi ne saɓanin da ke cikin takardunsu. Akan sami mutum ɗaya sunansa Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Muhammadu a ta jami'a. Wani kuwa a takarda ɗaya sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata kuma sunan garinsu. Haka nan ranar haihuwa: wadda ke takardar rantsuwar kotu daban, wadda ke rajistar lambar ɗan ƙasa ta NIN daban. A da, akawu yakan duba ya gane cewa mutum ɗaya ne. Yanzu da yake ta intanet ake cike takardun nema, kwamfuta ce take fara tacewa, ita kuwa ba ta karɓar uzuri.

Don haka wajibi ne ɗalibi ya baje takardunsa duka tun yana shekarar ƙarshe, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, inda ya ga saɓani ya bi hanyar da doka ta tanada ya gyara, domin gyaran yakan ɗauki watanni. Macen da ta canja suna bayan aure ita ma ta tanadi takardar rantsuwa da sanarwar jarida. Kada kuma a manta da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda aikin gwamnati ba ya yiwuwa sai da ita, da takardar kammala hidimar ƙasa, ko ta ɗauke nauyi ga wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama karatu.

Akwai masu rage shekarunsu saboda bankuna da wasu kamfanoni sukan sa iyakar shekaru ga sababbin ɗauka, ga shi kuma yajin aikin malaman jami'a, irin na wata takwas da aka yi a 2022, yana cinye wa ɗalibai lokaci. Wannan uzuri ne mai ban tausayi, amma takardar ƙarya laifi ce babba a ƙa'idojin aikin gwamnati, kuma takan jawo kora ko da bayan shekara ashirin ne aka gano ta.

ƘWAREWA KAFIN DIGIRI

Kuka mafi yawa a bakin sababbin masu digiri shi ne cewa ana tambayarsu ƙwarewar aiki alhali ba a taɓa ba su aikin ba. Gaskiya ne, amma da yawansu sun wuce ta wurare biyu da ake samun wannan ƙwarewa ba tare da sun amfana ba. Na farko shi ne shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ɓullo da shi a farkon shekarun 1970, inda ake tura ɗaliban kimiyya da fasaha da aikin gona masana'antu na wasu watanni. Na biyu shi ne shekarar hidimar ƙasa ita kanta.

Ɗalibin da ya tsaya ya koyi aiki a waɗannan wurare yana da abin da zai faɗa ranar ganawa, yana kuma da shugaban da ya san shi, wanda zai rubuta masa takardar shaida. Wanda kuwa ya riƙa zuwa ƙarshen wata kawai don a sa masa hannu ya tashi a tutar babu. Haka nan koyarwa a makarantar unguwa, ko riƙe littafin kuɗi na shagon wani ɗan'uwa, ko sakatarancin ƙungiyar ɗalibai, duk ƙwarewa ce muddin mutum zai iya bayyana abin da ya yi da abin da ya koya. Iya aiki da kwamfuta kuwa ya zama dole, domin yawancin ma'aikatu da ita suke yin jarrabawar tacewa kafin a kai ga ganawa.

TAKARDAR NEMA

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, bai kamata ta wuce shafi biyu ba ga sabon mai digiri. Jami'in da yake da ɗaruruwan takardu a gabansa ba shi da lokacin karanta dogon bayani. A sa suna kamar yadda yake a sauran takardu, da lambar waya mai aiki, da adireshin imel mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya. Sa'an nan karatu, daga na baya-bayan nan zuwa na farko, sai ayyukan da aka yi. Duk wanda za a rubuta sunansa a matsayin mai ba da shaida a nemi izininsa tukuna. Bugu da ƙari, kowane gurbi da wasiƙarsa; wasiƙar da aka rubuta wa banki ba ta dace da ma'aikatar ilmi ba, kuma jami'ai suna gane wadda aka kwafo.

RANAR GANAWA

Kwamitin ganawa yana son sanin abu uku ne: ko mai nema ya san fannin da ya karanta, ko ya san wurin da yake neman shiga, ko kuma za a iya zama da shi a ofis. Saboda haka ya sake bitar aikin binciken da ya yi a shekarar ƙarshe, domin sau da yawa daga nan ake fara tambaya. Ya san ayyukan ma'aikatar, da sunan ministanta ko kwamishinanta, da bambancin muƙaminsa da na Babban Sakatare. Mai neman aikin gwamnati ya san cewa mai digiri na farko yakan fara ne daga mataki na 08, ya kuma leƙa littafin ƙa'idojin aikin gwamnati, ya riƙa bin labarun yau da kullum.

Akwai wata matsala da ta shafi tarbiyyar ƙasar Hausa. An horar da yaro cewa ya sunkuyar da kai a gaban manya, ya sassauta murya, ya taƙaita magana, an kuma gaya masa cewa yabon kai jahilci ne. Wannan ladabi ne mai kyau a gida, amma kwamitin da membobinsa suka fito daga sassa dabam-dabam na ƙasa yana iya ɗaukarsa rashin sani ko rashin amincewa da kai. Mai nema ya gaisa da ladabi, ya jira a ce ya zauna, sa'an nan ya dubi mai tambaya ya amsa da muryar da kowa zai ji. Faɗin abin da mutum ya aikata, da inda ya yi shi, da sakamakon da aka samu, ba fahariya ba ce, bayani ne da aka kira shi don ya bayar. Idan an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba, domin kame-kame ya fi rage daraja.

Ya kamata ya isa wurin da wuri, da takardunsa na asali da kwafinsu a jere cikin fayil, da sutura mai tsabta, ko kaftani da hula ko kwat. Tun da da Turanci ake ganawar, yana da amfani ya sami aboki ko malami ya yi masa gwaji kwana biyu kafin ranar.

MASU SAYAR DA GURBI

Ƙarancin aiki ya haifar da 'yan damfara masu yaɗa tallan ƙarya a Facebook da WhatsApp, suna karɓar kuɗin fom ko na "gurbi". A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin Gwamnatin Tarayya, abin da ya nuna girman matsalar. Hukumomin gwamnati suna yawan nanata cewa ba a biyan ko kwabo wajen neman aikinsu, kuma ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, ita ce a tallata gurabe a jaridun ƙasa don kowace jiha ta sami kasonta. Wanda ya sayi takardar kama aiki yana iya wayar gari sunansa ba ya cikin tsarin biyan albashi, ga kuɗin iyaye sun tafi, ga laifi a wuyansa.

Ba kowane mai shiri ne zai sami aiki a karon farko ba, domin gurabe sun yi kaɗan, kuma ba a ɓoye yake ba cewa sanayya tana da tasiri. Amma gyaran takardu, da koyon aiki a lokacin horo, da bitar abin da aka karanta, duk abubuwa ne da ke hannun ɗalibi. Su kuma manyan ma'aikata da suke zama a kwamitocin ganawa, haƙƙi ne a kansu su auna mai nema da abin da ya sani, ba da sunan wanda ya aiko shi ba.